LAMBU DA KAJI A BAYAN GIDA: DAMINAR KURMI BA IRIN TA GIDA BA CE

A cikin watan Maris, sa'ad da mutanen Kano da Sakkwato da Maiduguri ke fama da zafin bazara, ana kwana a tsakar gida ana fifita, a nan Kudu hadari ya riga ya fara haɗuwa. Mazauna Sabo ta Ibadan, da na Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabon Shagamu, da 'yan'uwanmu na Anaca da Fatakwal, duk sun san haka. Ruwa ya sauka sau ɗaya, ya sake sauka, ƙasa ta yi taushi, ciyawa ta ɓullo a gindin katanga. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke ɗaukar fartanya a wannan lokaci, domin a zuciyar Bahaushe shuka sai Mayu ko Yuni. Kafin mu farga an ci wata biyu ko uku na damina, mu kuwa muna jiran lokacin gida.

Abin mamaki shi ne, mu ne ke sauke tumatir da albasa da tattasai a kasuwar Mile 12 da ta Shasha, mu ne ke kawo shanu da awaki, amma kullum safiya uwargida sai ta kwance bakin zane ta sayi ƙullin alayyahu da ƙwai biyu na yara. Galibinmu kuwa 'ya'yan manoma ne. Babu wanda ya tashi a ƙauye bai san shuka kuɓewa a bayan ɗaki ba, ko bai taɓa watsa wa kaji tsaki ba. Abin da ya rage mana shi ne mu gane ƙasar da muke zaune a cikinta. Wanda ya yi lambu da kiwon kaji a Kurmi da lissafin Arewa, asara zai yi. Wanda ya bi lissafin wurin, ɗan filin da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba zai ɗauke masa kuɗin ganyen miya, ya kuma sa wa yaransa ƙwai a kwano.

BA YAU AKA FARA BA

Dattawa za su tuna shekarar 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin nan na ciyar da ƙasa. An yi ta kira a rediyo da jaridu cewa kowa ya noma ɗan abin da ya samu a bayan gidansa, makarantu da barikoki su yi lambu, ma'aikata su ajiye kaji. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin na bunƙasa noma. Shirye-shiryen sun wuce da gwamnatocinsu, amma dalilin da ya sa aka yi kiran bai wuce ba.

A 2016 wata tsutsa ta auka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, kwandon tumatir ya gagari talaka a Kudu da Arewa baki ɗaya. A ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta dakatar da kawo kaya Kudu kusan mako guda, kayan miya suka yi tashin gwauron zabo. Sa'an nan a ƙarshen Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau kan kowane kwando da ke tasowa daga Arewa. A duk waɗannan lokuta Bahaushen da ke zaune a Kudu ya sha tsada daidai da maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

DAMINA BIYU A SHEKARA ƊAYA

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne yadda ruwa ke sauka a nan. A Kano damina ɗaya ce: ta kankama a Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A ƙasar Yarabawa kuwa ruwa kan fara a Maris ko Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita wajen Agusta, kāna ya dawo a Satumba da Oktoba. Watau watan da ake marka a gida, shi ne watan da ruwa ke hutawa a Ibadan da Abekuta. A Fatakwal da Kalaba damina ta fi haka tsawo, kuma abin da ke zuba can a shekara ya ninka na Kano fiye da sau 2.

Wannan ya ba mai lambu damar shuka sau biyu ba tare da ya ja guga ba: ta fari daga Maris zuwa Afrilu, ta biyu daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Sai dai a yi hattara da ruwan farko. Sau da yawa akan yi ruwa mai ƙarfi a Fabrairu ko farkon Maris, sa'an nan ya ɗauke mako biyu ko uku, rana ta ƙone tsiron. A jira sai an yi ruwa mai kyau sau 2 ko 3 kusa da juna, a tona a ga laima ta shiga ƙasa kamar taƙi ɗaya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen faɗuwar damina na kowace jiha a farkon shekara, gidajen rediyo kuma sukan sanar.

Ga 'yan ci-rani akwai wata fa'ida. Mutumin da zai koma gida noma a ƙarshen Mayu, idan ya watsa alayyahu a tsakiyar Maris, zai cire sau biyu kafin ya ɗaure kayansa.

WURI DA IZININ MAI GIDA

Galibinmu haya muke yi, wasu ma ɗaki ɗaya a gidan mutane da yawa. Saboda haka kafin a sari ƙasa a nemi mai gida, a gaya masa abin da ake nufi, a nuna masa wurin. Wanda ya kafa akurki ba izini, ranar da aka sami saɓani kan kuɗin haya da kajin za a fara. Masu gadi da ke tsaron manyan gidaje ko filayen da ba a gina ba sun fi kowa samun wuri, amma su ma sai da yardar mai abu.

A zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa 5 zuwa 6 a yini, nesa da inda ruwan indararo ke zuba. A guji bakin kwata da bayan masai, da inda makanikai suka taɓa zubar da baƙin mai ko ruwan batir, domin ganye na ɗaukar dafin da ke cikin ƙasa, shi kuwa ba ya wankuwa.

A lambun rani na Arewa fangali akan yi shi ƙasa-ƙasa, a kewaye da ɗan tudu don ya riƙe ruwa. A daminar Kurmi akasin haka ake yi. A ɗaga fangalin sama kamar inci 8 zuwa 10, faɗinsa ƙafa 3 ko 4 yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba, a bar hanyar ruwa tsakanin wannan da wancan. Wanda ya yi irin na gida, ruwan Yuni zai kwanta a ciki, saiwa ta ruɓe.

In tsakar gidan siminti ne, ba a rasa dabara ba. A sami tsofaffin buhunan shinkafa ko na taki, ko bokitin da ya fashe, a huda gindinsu, a cika da baƙar ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Buhu ɗaya zai ɗauki gindin kuɓewa 2 ko barkono 1. Kyawun buhu shi ne, ranar da aka ce ka tashi, lambunka zai hau amalanke tare da kai.

Ƙasar Kudu takan ruɗi baƙo. Ganin duhun daji sai mutum ya ɗauka ba ta son taki, alhali kuwa yawan ruwa na wanke abincin shuka zuwa ƙasa, ya bar ta da tsami. Maganin wannan shi ne taki mai ruɓewa, da ɗan barbaɗen tokar murhu, da rufe fuskar fangali da busasshiyar ciyawa don kada ruwa ya daki ƙasa kai tsaye.

ME ZA A SHUKA?

Kowa in an ce lambu, tumatir da albasa ke fara zuwa masa. To, waɗannan biyu su ne suka fi ba da wahala a daminar Kudu. Albasa na son sanyin hunturu da bushewar iska kafin ta yi kai, shi ya sa ake kawo ta daga wurare irin su Aliero a Jihar Kebbi. A nan sai dai a shuka mai ganye don lawashi. Tumatir kuwa laima na jawo masa ciwon ganye, da wani ciwo na cikin ƙasa da ke sa gindi ya yanƙwane dare ɗaya alhali ganyensa kore shar. Wanda ya matsa sai ya yi, ya nemi irin da aka tace don jure wannan ciwo, ya shuka a buhu, ya kafa masa sanda, ko kuwa ya bari sai shuka ta biyu yadda zai nuna bayan ruwa ya ɗauke.

Abin da ƙasar ke so shi ne ganye. Alayyahu, wanda Yarabawa ke kira tete, a gauraya irinsa da yashi a watsa, cikin mako 3 zuwa 4 an fara tuge shi. In kuwa yanka ake yi, zai sake tohowa. Lalo shi ne ewedu na maƙwabtanmu. Irinsa na da taurin ɓawo, saboda haka akan ƙulle shi a ƙyalle a tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, a shanya, kāna a shuka. Cikin mako 4 zuwa 6 ya isa miya. Kuɓewa ƙwaya 2 a rami, tsakanin rami da rami ƙafa ɗaya da rabi, takan fara 'ya'ya cikin wata 2, a riƙa cira duk bayan kwana 2 kafin ta yi ƙarfi. Rama da yakuwa suna yi sosai, ga shi kuwa ba kullum ake samunsu ɗanyu a kasuwannin Kudu ba. Barkono da attaruhu a fara renonsu a tsohon kwano, a dasa bayan mako 5 ko 6.

A jikin katanga a kafa abin da zai daɗe. Reshen zogale in aka soka shi a tudu zai kama, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa. A riƙa sare kansa don kada ya fi ƙarfin hannu. Shuwaka ma da reshe ake dasa ta. Ɗaɗɗoya gindi ɗaya ya ishi gida. Kada kuma a raina abincin masu masauki. Ganyen ugu na mutanen Gabas, in aka yi masa rumfa ya hau, watanni zai yi ana yanka, kuma yana da kasuwa a ko'ina. Irinsa ba ya ajiyuwa, da an fasa ƙwaryar sai a shuka.

Kada a maimaita abu ɗaya a wuri ɗaya. Akwai wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwar kuɓewa da tumatir da lalo ta yi ƙulu-ƙulu, shuka ta tsumbure. In an ga haka a tuge a ƙone, a sa masara a wurin a zagaye na gaba. Mai son iri mai kyau ko shawara, akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, a Idi-Ishin cikin Ibadan, tana aiki tun tsakiyar shekarun 1970, akwai kuma malaman gona na kowace jiha.

Game da ƙwari, ido shi ne magani na farko. A zagaya da sassafe a tsince tsutsa da dodon koɗi da fara da hannu, a zuba wa kaji tsutsar. Ganyen darbejiya, wanda su ma Yarabawa da sunan dogonyaro suka san shi, a daka a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa. Maganin feshi na kanti ba abin wasa ba ne a kan ganyen da za a ci cikin mako; in ya zama dole, a karanta kwanakin da aka rubuta a jira kafin a cira, a kuma cika su.

WACE KAZA?

Yanzu sai mu juya wajen akurki. Kajin Hausa, watau na gida, sun fi juriya, suna neman abincinsu, suna kwanci da kansu. Kaza takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, a shekara ta yi haka kamar sau 3. Jimlar ƙwanta ba ta cika wuce 40 zuwa 60 ba. Kajin gidan gona masu ƙwai kuwa sukan fara a wajen wata 5, kuma in sun sami abinci da kulawa ɗaya takan haura ƙwai 250 a shekara, amma ba sa kwanci, ba sa kuma yafe sakaci. Irin ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar yana cikinsu. Tsakanin waɗannan biyu akwai na tsaka-tsaki, masu ba da nama da ƙwai, irin su Noiler da FUNAAB Alpha wadda jami'ar aikin gona ta Abekuta ta samar. Sun fi na gida saurin girma, sun kuma fi na gidan gona haƙuri da abincin tsakar gida.

Ga mai farawa, kaji 5 ko 6 sun isa. Kada a fara da 'yan tsaki na kwana ɗaya a tsakiyar damina, domin suna bukatar ɗumi dare da rana na mako 3 zuwa 4, kuma fitila ko kaskon gawayi a gidan haya hatsari ne. Gara a ƙara kuɗi a sayi waɗanda aka riga aka rena, daga hannun wanda zai faɗi allurar da aka yi musu. A kuma sani kaza na yin ƙwai ko babu zakara. Amfaninsa ƙyanƙyasa ce kawai, ɗaya kuwa ya ishi kaji 10. In maƙwabcin ɗaki aikin dare yake yi, a haƙura da zakara.

Zabi ba na gidan haya ba ne. Ga kuka, ga tashi sama, ga 'ya'yansu ba sa jure laima. A bar su sai an koma gida.

AKURKI DA ABINCI

Akurkin laka mai ƙaramar ƙofa da muka saba da shi an yi shi ne don sanyin hunturu. A nan maƙiyin kaza laima ne da rashin iska. A yi akurki da katako da waya, a ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa 2, rufin ya zarce jikinsa sosai don kada feshin ruwa ya shiga. Kowace kaza ta sami wuri kamar ƙafa 3 murabba'i. Watau akurki mai ƙafa 6 a tsawo da 3 a faɗi zai ɗauki kaji 6. A gitta sanda ta hawa, a sa kwando ko akwati ɗaya na ƙwai ga kowaɗanne kaji 4 ko 5. A shimfiɗa ɓawon katako na wurin kafintoci, a riƙa juya shi, in ya jiƙe a kwashe nan da nan.

Idon wayar ya zama ƙanana, saboda ɓera da gafiya da maciji. Akwai kuma abokin gāba da ba mu saba da ƙarfinsa a Arewa ba, watau kwarkwasa. Rundunarsu kan fito da damina, in suka shiga akurki da dare sai su kashe 'yan tsaki kafin asuba. A tsoma ƙafafun akurkin cikin gwangwanaye masu ɗan baƙin mai, a kewaye da toka, a share ciyawar da ke kusa.

Ga lissafin abinci, kowa ya auna da farashin garinsu. Kaza mai ƙwai kan ci kamar giram 110 zuwa 120 a yini. Kaji 6 ke nan sun ci kusan giram 700, buhu mai kilo 25 zai kai su kamar kwana 35. In suna ba da ƙwai 4 kullum, an sami 140, watau kiret 4 da ƙwai 20. A kwatanta kuɗin buhun da kuɗin ƙwan kafin a sa hannu. Ana rage nauyin da abin da gida ke zubarwa: dusar masara, da ragowar tatar kamu, da sauran tuwo da shinkafa, da ganyen da aka tsince daga lambu, da zogale. Amma mai son ƙwai kullum ba zai dogara ga waɗannan kaɗai ba. Ɓawon rogo yana da dafi in ɗanye ne, sai an shanya shi ya bushe ƙayau. Don ƙarfin ɓawon ƙwai a ƙona ƙashi ko ɓawon dodon koɗi a daka a ba su. Abincin da ya yi fumfuna a zubar, domin a wannan laima buhu kan lalace cikin 'yan makonni in an jingina shi da ƙasa. Ruwan sha mai tsabta kada ya yanke. Kaza kan sha kamar ninki biyu na nauyin abin da ta ci.

CIWO, WANDA KE SHARE AKURKI

Duk mai kiwon kaji ya san shekarar da ya wayi gari ya tarar suna gyangyaɗi, suna koren zawo, wasu wuyansu ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. Wannan ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Ba ta da magani in ta kama. Barkono da kafso da ake jiƙa musu ba sa kashe ta. Amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin maganin rigakafin, har da wani iri mai jure zafi da ake ɗiga wa kaza a ido, a maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an buɗe kuma ba ta kwana. Saboda haka masu kaji na unguwa su haɗa kai, ko ta hannun Sarkin Hausawa ko ƙungiyar 'yan kasuwa, a sa rana ɗaya a kira ma'aikacin dabbobi a yi wa kowa. Annobar ta fi tashi da hunturu, daidai lokacin da kaji ke yawo daga kasuwa zuwa kasuwa saboda Kirsimeti, don haka rigakafin Oktoba ko Nuwamba kada ya wuce.

Damina kuma da nata. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke kawo zawon jini ga ƙananan kaji. Sauro ke yaɗa ƙurajen da ke fitowa a tsoro da fuska. Na fari yana da magani a wurin likitan dabbobi, na biyu yana da rigakafi. In an ba kaji magani, a tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Akwai wata al'ada tamu da ke shigo da ciwo. Mutum ya je gida Sallah, gwaggo ta ba shi zakara tsaraba, ya sha hanya a saman lodi tare da kajin fatake, yana isowa a jefa shi cikin akurki. Kowace sabuwar kaza, ta gida ce ko ta kasuwa, a ware ta mako 2 a ga lafiyarta tukuna.

Sai murar tsuntsaye. An fara tabbatar da ita a Nijeriya a Fabrairu na 2006 a Jihar Kaduna, a farkon 2007 kuma ta kashe wata mata a Ikko, ta sake ɓullowa a Kano da Ikko a 2015. Alamarta mutuwa ce ta farat ɗaya, kaji da yawa a lokaci guda, tsoro ya kumbura ya yi shuɗi. Mun saba in kaza ta fara layi a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. A irin wannan hali kada a yi. Wajen yanka da figa ne ciwon ke samun hanyar shiga mutum. A hana yara taɓawa, a sanar da ofishin dabbobi mafi kusa, a binne gawar da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

KAZA TA CIYAR DA LAMBU, LAMBU YA CIYAR DA KAZA

Ribar haɗa abin biyu a nan take. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi, shi ya sa ɗanyensa ke ƙone shuka, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin ciwon ciki. A tara shi tare da tsohuwar shimfiɗa da ciyawa da ɓawon kayan miya a lungu ɗaya, a rufe da tsohon kwano ko buhu saboda ruwa da ƙuda, a riƙa juyawa duk mako 2. Bayan wata 2 zuwa 3, in ya yi baƙi ya daina wari, ya zama taki. Abin da aka tara daga Afrilu shi zai ciyar da shukar Satumba, na ƙarshen shekara kuma ya jira Maris.

Sai dai kaza da fangali ba sa zama wuri ɗaya. Kaza ɗaya za ta tone aikin mako uku kafin a idar da sallar la'asar. Ko dai a killace kajin, ko a kewaye lambun da tsohuwar ragar sauro ko ganyen kwakwa. Lokacin da ya dace a sake su a ciki shi ne bayan an cire amfani, su tsince ƙwari su bar taki.

ZAMAN LAFIYA DA MAƘWABTA

A ƙarshe, mu tuna baƙi muke, ko da an haife mu a nan. Unguwar Sabo ta Ibadan ta kafu tun 1916, kuma abin da ya riƙe irin waɗannan unguwanni shi ne iya zama da mutane. Wari da ƙuda, ko kaza ta shiga ɗakin girkin wani, ƙaramin abu ne da kan jawo duba-gari, ko ya zama rigimar da za a sa wa sunan ƙabila. A share akurki a kan kari. Ranar da aka fara yankan alayyahu a aika wa matar mai gida da maƙwabciya nasu ƙullin. Ita ce za ta zuba wa kajinka ruwa ranar da tafiya gida ta kama ka ba shiri.

In hadari ya haɗu a wannan mako, maigida ya leƙa bayan ɗaki ya auna wurin da ƙafarsa. Fangali biyu, buhu huɗu, da kaji shida sun isa mafari. Uwargida da yara za su iya da ban-ruwa da kwasar ƙwai, yaran da aka haifa a birni kuma su san abin da kakanninsu suka rayu a kai. Allah ya ba mu damina mai albarka, ta nan da ta gida.